Ɗan Manomi a Ajin Noma: Abin da Makaranta Za Ta Ƙara wa Yaran Kwarin Rima

Daga tsakiyar watan Nuwamba, da zarar hunturu ya fara kaɗawa, duk wanda ya taso daga Sakkwato ya yi gabas, ya ratsa garuruwa irin su Achida da Marnona, ko ya nufi Wurno ko ya zarce Goronyo, zai tarar fadama ta farka. Injinan ban ruwa na ta ruri a bakin rijiyoyi, wasu na dashen albasa, wasu na binne tafarnuwa, wasu na yafa alkama. Cikin masu wannan aiki akwai samari 'yan shekara 13 zuwa 18 waɗanda da safe suke sanye da kayan makaranta. A darasin aikin gona an rubuta musu ma'anar ban ruwa a allo da Turanci, sun kwafa, za su haddace saboda jarrabawa. Da la'asar kuma su ne ke kwance inji su gyara, su ne ke karya ruwa daga wannan fangali zuwa wancan. Darasin safe da aikin yamma ko gaisawa ba sa yi.

A ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo kusan kowane gida da noma ko kiwo yake rayuwa. Saboda haka tambayar da ake yi a birane, wato yadda za a sa yara su san gona, ba ta da muhalli a nan. Yaron Marnona ya san fartanya tun kafin ya san alli. Tambayar da ta dace da wannan yanki ita ce: mene ne makarantar sakandare za ta ba ɗan manomi wanda mahaifinsa bai riga ya ba shi ba?

Ƙasar da aka kafa bisa noma

Haɗa ilimi da noma ba baƙon abu ba ne a wannan kwari. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya mayar da Wurno ribaɗi, a can ya zauna a ƙarshen rayuwarsa, a can ya rasu a 1837, kuma a can hubbarensa yake. Masana tarihin daular Usmaniyya sun nuna yadda ya riƙa zaunar da makiyaya a garuruwa, yana kwaɗaitar da su noma da sana'a tare da karatu. A cikin Usulus Siyasa, littafin da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da manoma da masu sana'ar hannu cikin nauyin da ke wuyan shugaba. Rabah kuwa mahaifar Sardauna Ahmadu Bello ce, wanda ya fara da koyarwa a makarantar Midil ta Sakkwato kafin a naɗa shi hakimin garin a 1934.

Zamani ya zo ya ƙara wa kwarin ruwa. An kammala madatsar Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992, tana da ƙarfin riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. Daga gare ta ake shayar da filayen noman rani na Falaliya da Takakume a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, kuma filayen na cikin waɗanda shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya sa a gaba don gyarawa. Wurno na da nata tsohon filin ban ruwa da ke dogara da madatsar Lugu, ga sunan da ta yi a tafarnuwa da albasa da shinkafa. Rabah na bakin gulbin Sakkwato da nata fadamun. A Wurno ɗin dai akwai Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi ta jiha, a Kwalkwalawa kuma akwai gonar bincike ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Ruwan nan yana da fuska biyu. A Satumban 2010 ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki a Goronyo da Wurno da maƙwabtansu. A farkon 2018 kuma ruwan madatsar ya ja baya ƙwarai, har hankalin hukumomi ya tashi kan ruwan shan birnin Sakkwato. Wanda zai gaji noma a irin wannan wuri yana bukatar fiye da ƙarfin damtse.

Abin da ke rubuce a takarda

A takarda, Nijeriya ba ta taɓa rasa niyyar koyar da noma a makaranta ba. Tun zamanin Turawa akwai lambun makaranta a elementare. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta kawo shirin Ciyar da Ƙasa, aka umarci makarantu su buɗe gonaki, ƙungiyoyin matasa manoma suka yi tashe. Gwamnatin Shehu Shagari ta biyo da nata juyin noma a 1980. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, wadda ta haifar da tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982, ta sa aikin gona cikin darussan share fagen sana'a a ƙaramar sakandare. A 2011 aka shigo da darussan sana'a 34 a babbar sakandare, ciki har da kiwon dabbobi da kiwon kifi, kuma hukumar WAEC ta fara jarraba su a 2014. A 2025 gwamnatin tarayya ta sake manhaja, ta taƙaita darussan sana'a zuwa 6, biyu daga cikinsu na gona: kiwon dabbobi, da noman lambu da amfanin gona.

Ke nan dokar na nan, manhajar na nan. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake auna ɗalibi. Jarrabawar aikin gona ta kammala sakandare tana da sashen da ake kira na aiki da hannu, amma a cikin ɗaki ake yin sa. Ana jera samfura a kan tebur, ƙasa a gwangwani, takin zamani a leda, ƙwaro a kwalba, wani ƙarfen aiki, a ce ɗalibi ya faɗi sunansu da amfaninsu. Yaro na iya cin wannan jarrabawa da kyakkyawan sakamako bai taɓa raya ko tushen yakuwa ba. Wani kuma da ke noma buhunan albasa duk shekara yana iya faɗuwa, don bai iya rubuta sunan abin da ya sani da Turanci ba. Malami kuwa abin da za a tambaya yake koyarwa, ba wanda zai ga laifinsa.

Abin da ya kashe gonar makaranta

Waɗanda suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 suna tuna gonar makaranta, sai dai ba duka ke tuna ta da daɗi ba. A makarantu da yawa gona ita ce wurin horo. Wanda ya makara, wanda ya yi surutu, wanda ya tsere daga aji, a miƙa masa fartanya. Yaron da aka saba wa haka shekara shida ya fita da darasi guda da ba a rubuta a manhaja ba: noma hukuncin mai laifi ne. Ga kuma tambayar da ɗalibai kan yi a ɓoye idan kaka ta yi, wato ina amfanin ya tafi. Inda yara suka yi wahala ba su ga ko zangarniya ba, ba su kuma ji lissafi ba, gonar ta mutu a zukatansu tun kafin ta mutu a fili.

Akwai kuma dalilan da ido ke gani. Makaranta marar shinge ba ta iya tsare shuka daga awaki da tumakin gari. Filayen makarantu da yawa gine-gine da gonakin maƙwabta sun ci su. Malaman aikin gona sun yi kaɗan, kuma waɗanda ake turawa karkara sau da yawa a birni suke kwana, su zo da safe su koma da azahar. Iyaye ma na da ta cewa. Magidancin da ya haƙura da hannun ɗansa a gona ya tura shi boko yakan ce bai kai shi don a koya masa abin da ke akwai a gida ba.

Amma babban dalilin da ba a cika ambata ba shi ne kalanda. Damina a wannan yanki gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan shekara kuma bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba. Idan makaranta ta shuka gero ko wake a Yuni, da kyar za a yi noman firi kafin jarrabawar zango na uku ta taso. A ƙarshen Yuli a tafi dogon hutu. Lokacin maimai da sa taki da korar tsuntsu babu kowa. A dawo a Satumba a tarar ciyawa ta rufe gona, ko dabbobi sun yi kaka. An tsara gonar makaranta bisa damina, an kuma tsara hutu a tsakiyar damina. Ba yadda za a yi su daidaita.

Rani ne lokacin makaranta

A nan ne kwarin Rima ya fi yawancin ƙasar nan sa'a. Noman da ke kawo kuɗi a Wurno da Goronyo na rani ne, kuma noman rani ya hau kan kalandar makaranta daidai wa daida. Ana komawa aji a Satumba, lokacin da ake shirin rainon irin albasa. Bayan mako shida zuwa bakwai a yi dashe, a Nuwamba ko Disamba. Tafarnuwa da alkama na son sanyin Nuwamba. Zango na biyu, daga Janairu zuwa Afrilu, shi ne na ban ruwa da cire ciyawa da sa ido kan ƙwari, a ƙarshensa kuma a cire albasa. Ɗalibi zai ga amfanin gona tun yana ƙwayar iri har ya shiga buhu, duk cikin zango biyu, kafin 'yan ajin ƙarshe su shiga jarrabawa a Mayu. Hutun da ke tsakani ɗan gajere ne na ƙarshen Disamba, kuma a makarantar jeka-ka-dawo yaran na cikin gari, ana iya raba musu kwanakin ban ruwa.

Ba a bukatar babban fili. Mita 10 sau 10 kashi ɗaya ne cikin ɗari na hekta, abin da ya sa lissafinsa ke da sauƙi: duk abin da aka samu a ninka shi sau 100. Idan aka dasa albasa da tazarar santimita 15 da 20, wannan ɗan fili zai ɗauki tushe kimanin 3,300. Idan aka ƙaddara yana shan milimita 5 na ruwa a yini, lita 500 ke nan, jarka 25 mai cin lita 20. Rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, irin wadda ake haƙa wa makarantu don sha, za ta iya ɗaukar wannan idan aka tsara. Inda makaranta ke kan tudu ba ruwa, ana iya neman aron fangali kaɗan a fadama ta hannun hakimi ko dagaci ko ƙungiyar masu amfani da ruwa. Aron gona tsohuwar al'ada ce, ba wanda zai ji ta baƙuwa.

Ƙanƙantar filin ma alheri ce. Babbar gona tana mayar da ɗalibai 'yan ƙwadago. Ƙarama tana ba su damar tsayawa su duba, su auna, su rubuta.

Abin da ba a koya a gandu

Manomin fadama gwani ne, kuma duk malamin da ya shiga aji da tunanin zai gyara wa iyayen yara noma ya fara da kuskure. Amma akwai abubuwa huɗu da gandu bai cika koyarwa ba, su ne kuma hakkin makaranta.

Na farko awo. Manomi na sayen taki da buhu, yana zubawa da ƙiyasin ido. Ɗalibin da ya yi lissafi a aji zai iya gane cewa buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin, tunda kashi 46 cikin ɗari ne, shi kuwa buhun NPK 15-15-15 kilo 7 da rabi kawai yake da shi na kowane ɗaya daga sinadaran uku. Wanda ya san haka ya san abin da yake biya, ya san kuma lokacin da ya kamata a sa wanne. Haka gwajin iri: a ƙirga ƙwaya 100, a shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu, a ƙirga waɗanda suka tsiro bayan kwanaki. Aikin da bai ci ko sisi ba, amma yana iya ceton shekara guda daga jabun iri.

Na biyu gwaji. Magidanci ba zai yi caca da abincin iyalinsa don ya ga ko sabuwar dabara na aiki ba, kuma yana da gaskiya. Makaranta ce wurin da asara ba ta hana kowa tuwo. A raba fili uku, ɗaya da takin gargajiya, ɗaya da na zamani, ɗaya da haɗin biyun, iri ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya. A ƙarshe a ɗora a sikeli. A gwada shinkafar FARO 44 kusa da irin gida. A gwada dashe a layi kusa da yafi. Idan aka gayyato iyaye ranar awo, gani ya kori ji, makaranta ta yi aikin malamin gona ba tare da ta yi wa kowa wa'azi ba.

Na uku karatun takardar magani. Samari ne ke goya injin feshi a fadama, sau da yawa ba takalmi ba abin rufe hanci, ana auna magani da murfin kwalba. Bayanin da ke jikin kwalbar da Turanci yake: yawan da za a zuba, da kwanakin da za a jira kafin a ci amfanin. A gidaje da yawa ɗan sakandare ne kaɗai zai iya karanta shi. Lamarin ba ƙarami ba ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, alhali buhun PICS mai ruɓi uku yana kashe ƙwaron wake ta hanyar toshe iska ba tare da ɗigon magani ba. Ɗalibin da ya ajiye kwano biyar a irin wannan buhu, biyar a buhun da aka saba, ya buɗe bayan wata uku, ba zai manta ba. Haka sanin abokan gaba da ido: tsutsar tumatir da ta yi ɓarna a Arewa a 2016, tsutsar masara da ta shigo a shekarar, ƙananan ƙwarin da ke tsotse ganyen albasa, da ƙuduji a gonar gero.

Na huɗu, wanda ya fi duka, littafin lissafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin ban ruwa ya zama abin da ke raba riba da faɗuwa. Manoma da yawa sun san nawa suka sayar, amma ba su rubuta nawa suka kashe ba: iri, taki, mai, magani, 'yan ƙwadago, buhu, kuɗin mota, la'adar dillali. Albasa na faɗuwa warwas lokacin cira, ta yi tsada bayan watanni, amma wanda ya ajiye a rudu yana asarar wani kaso ga ruɓewa da bushewa. Shin ajiyar ta biya? Amsar na wurin wanda ya auna kilo 20 ya ajiye, yana sake aunawa duk wata, yana rubuta farashin kasuwar Achida ko ta Goronyo a gefe. Wannan darasin noma ne, darasin lissafi ne, darasin kasuwanci ne a lokaci guda.

Gayauna, da abin da wasu ƙasashe suka gano

Ƙasashen da suka yi nasara a wannan fanni ba da babbar gonar makaranta suka yi ba. A Amurka, wani malami mai suna Rufus Stimson ya fara a 1908 a jihar Masacusets da sa kowane ɗalibi ya riƙe aikinsa na kansa a gonar gidansu, malami na zagayawa yana dubawa, yaro na rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu. Dokar koyar da sana'a ta 1917 ta yaɗa tsarin, ƙungiyar matasa manoma ta FFA da aka kafa a 1928 ta ɗora a kai, har yau kuma ana yi. A kudu maso yammacin Faransa, a tsakiyar shekarun 1930, wasu manoma da limamin cocinsu suka ƙirƙiro makarantar da yaro ke yin mako guda a aji, ya koma gonar gida ya yi makonni, ya dawo da tambayoyin da ya tarar. Irin waɗannan makarantu sun bazu har Senegal da Mali da Togo. A gida Nijeriya, makarantun Gidauniyar Leventis, irin ta Panda a jihar Kano da ta Dogon Dawa a jihar Kaduna, suna horar da matasa na shekara guda, mafi yawan lokacin a gona. Tanzaniya kuwa, inda Julius Nyerere ya kawo ilimin dogaro da kai a 1967, ta nuna ɗaya gefen: a wurare da yawa gonar makaranta ta koma aikin ƙarfi da ba shi da alaƙa da abin da ake karantawa a aji.

Abin da Stimson ya ƙirƙiro, ƙasar Hausa ta daɗe da shi. Ban da gandu, inda kowa ke yi wa gida aiki, akwai gayauna, ɗan filin da uba ke yanka wa saurayi ya noma don kansa, abin da ya samu nasa ne. A nan yaro ke fara koyon riƙon dukiya. Abin da ya rage shi ne makaranta ta amince da gayauna a matsayin aikin aji: ɗalibi ya zaɓi fangali biyu ko uku a gonar gidansu, ya buɗe musu littafi, malami ya ziyarta sau biyu ko uku a zango, a ba da maki a kan littafin da abin da aka gani. Ba a sayi fili ba, ba a gina shinge ba, uba kuma bai rasa hannun ɗansa ba.

'Yan mata da turke

Duk tsarin da ya tsaya a fadama ya bar rabin aji a baya, domin a yawancin gidajen yankin budurwa ba ta zuwa ban ruwa. Amma dukiyar da ke cikin gida a hannun mata take: awaki, tumaki, kaji, zabi, turaren shinkafa, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, zogale a bayan ɗaki. Jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira akuyar Maraɗi, ita ce mai fatar da aka riƙa ƙetarawa da ita Sahara tun ƙarnoni, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Kiwon ragon layya kuwa jari ne da mata suka daɗe da sani.

Ɗaliba na iya riƙe akuya ɗaya ko kaji goma a matsayin nata aikin. Ta rubuta kuɗin dusa da harawa da kowa, ta auna ƙirjin rago da igiyar awo duk mako biyu don ganin ko yana ƙaruwa, ta san lokacin rigakafi. Annobar da ke share kajin gida da hunturu tana da rigakafi mai araha da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke yi, kuma ɗiga shi a idon kaza abu ne da 'yar aji uku za ta koya cikin yini guda. A ƙasar da Nana Asma'u ta tura malamai mata, waɗanda ake kira jaji, ƙauye-ƙauye suna kai wa mata karatu har cikin gida, ba sabon abu ba ne ilimi ya bi mace inda take.

Iyakar abin da makaranta za ta iya

Akwai abubuwa biyu da ya wajaba a faɗa don kada a yi wa mai karatu romon baka. Na farko tsaro. Gabashin Sakkwato ya sha wuya a hannun 'yan bindiga. Harin Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah a Yulin 2018 ya kora jama'a zuwa Gandi, harin kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 ya ci rayuka da dama, kuma a 2021 gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana da ke wuraren da ake fargaba. Akwai ƙauyukan da manya ma ba sa iya zuwa gonakinsu na nesa. Ba shugaban makarantar da zai kwashi yara zuwa daji da sunan darasi, kuma bai kamata ba. Wannan ma wani dalili ne na fifita ɗan fili a cikin harabar makaranta, da gayauna ta kusa da gari, da turken cikin gida.

Na biyu, gargaɗin da masanin ilimi Philip Foster ya yi a 1965 bayan bincikensa a Gana: manhaja ba ta sa matashi ya zauna a gona idan gonar ba ta biya. Saurayin da ke barin Rabah ko Goronyo ya tafi cin rani Legas ko Fatakwal, ko ya hau kabu-kabu a Sakkwato, lissafi ya yi, ba ƙin noma ba. Idan babu fili, babu jari, babu hanya, farashi kuma na hannun dillali, darasi ba zai riƙe shi ba. Aikin makaranta ba ɗaure yaro a ƙauye ba ne. Cikin 'yan ajin wasu za su zama likitocin dabbobi, wasu injiniyoyin ruwa, wasu 'yan kasuwa, wasu ba za su sake taɓa fartanya ba. Awo da gwaji da riƙon littafi za su yi wa kowannensu amfani.

Wa zai ɗauki wane nauyi

Mafi yawan abin da ake bukata ba kuɗi ba ne, tsari ne. Ma'aikatar ilimi ta jiha na da ikon ware wani kaso na makin zango ga littafin gona da aikin hannu, ta kuma haramta ba da noma a matsayin horo. Makaranta na iya haɗa darasin aikin gona biyu a jere a ƙarshen yini, don minti 40 ba ya isa a je fili a dawo. Kwalejin Wurno na da ɗaliban da ke bukatar wurin gwada abin da suka koya, makarantun da ke kewaye da ita kuma na bukatar masu nuna aiki; haɗa su bai wuce yarjejeniya da kuɗin mota ba. Kwamitin al'umma mai kula da makaranta shi ya dace ya riƙe kuɗin amfanin da aka sayar, a karanta lissafin a gaban ɗalibai, a ware na irin baɗi, a raba musu wani abu ko da kaɗan ne. Sarkin noma da tsofaffin manoman tafarnuwa su shigo aji a matsayin malamai, domin abin da suka sani game da ƙasar Wurno babu shi a littafin da aka buga a Ibadan.

Yadda za a gane ko abin ya yi ba wuya. Ba yawan buhunan da makaranta ta cire ba ne, ba kuma hoton ɗalibai riƙe da fartanya ranar da baƙi suka zo ba. A watan Afrilu a ɗauki ɗalibin aji biyar a Marnona ko Gandi ko Shinaka, a tambaye shi nawa aka kashe kafin buhun albasa ɗaya ya fito daga gonar gidansu, kuma a wane farashi za a fara cin riba. Idan ya buɗe littafinsa ya ba da amsa, mahaifinsa kuma ya saurara, makarantar ta koyar da noma. Idan abin da ya iya kawai shi ne jero rabe-raben ƙasa da Turanci, to har yanzu allo ake nomawa.